Zuciyar Kawu Mumuni

Yamai, 6 ga Agusta, 1962

Zuwa ga Inna Hajara, gidan marigayi Sarkin Pawa, Dogon Dutsi.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba Ado da yara, kuma damina tana yi muku kyau. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da sauro.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Dabora ɗiyar Maryamu, jikar Tani, wadda suke ƴaƴan wa da ƙane da marigayiya mahaifiyarki. Ni ce yarinyar nan mai bakin kuka da kunama ta harba a gindin tsamiyar kasuwa, kika goya ni har gida, kika toshe mini baki da tsire. Yanzu shekarata uku ina aikin jinya a babban asibitin Yamai.

Dalilin takardar nan shi ne yayanki, Kawu Mumuni. Yana kwance a wurinmu tun ranar Alhamis. Ciwon zuciya ne, Inna. Zuciyarsa ta taɓu ƙwarai, ta yi masa nauyi, ko barci ba ya iya yi sai a zaune. Ya hana ni rubuta abin da ya jawo masa, ya ce in kin zo kya ji daga bakinsa. Sunanki dai ba ya barin bakinsa.

Matarsa Balkisa tana nan tare da shi, tana gaishe ki. Don Allah in da hali ki zo. A gurguje nake rubutu, don Musa, direban kamyo, babbar motar kaya, yana jirana a bakin ƙofa.

Ɗiyarki,
Dabora

Dogon Dutsi, 15 ga Agusta, 1962

Zuwa ga ɗiyata Dabora.

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso, Mushe Ishaku, malamin lakwal, makarantar boko, ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta wagga. Na ce mashi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya sa mini zuma a magana. Muna lafiya. Gero ya fara ciki, Ado yana fama da ƙafarsa kamar kullum. Na gane ki sarai. Ashe mai kukan nan ce ta zama mai tsira wa mutane allura! Allah shi yi albarka.

To, zancen yayan nawa mutumin Gudel, mai lambu a bakin kogin Yamai. Ɗiyata, ke yarinya ce, an ɗora miki kayan da ba ki san nauyinsu ba. Tun yaushe aka fara kwantar da mai fushi a asibiti? Ko wannan ma cikin kayan mulkin kai yake?

Bari in ba ki labarin ciwon zuciyar nan, tun da shi ya hana ki. Da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali, sau uku na aika mashi. Sau uku yana cewa sai ya kwashe lambu. Ta rasu tana duban ƙofa. Sai ga shi ranar kwana takwas, an riga an watse daga sadakar bakwai, ɗauke da kwandon salati da tumatir kamar mu awaki ne. A gaban mutane na ce mashi marar zuciya. Na faɗa, ban musa ba. Shi kuwa ya yi zuciya, ya ɗauki hularsa ya koma bakin ruwansa. Yau shekara goma sha ɗaya ko gaisuwar Salla babu.

Yanzu kuma wai ni na taɓa mashi zuciya har ta yi nauyi, in taso in zo in ji daga bakinsa. Wato in zo in durƙusa ke nan. Ni da na yi wata biyu ina juya tsohuwa ni kaɗai, wa ya tambayi nauyin tawa?

Ba haka muke ba da, Dabora. In Baba ya yanka sa ranar kasuwa, zuciyar ba ta sayarwa ba ce, tamu ce mu biyu. Shi gasa ta, shi miƙa wa ɗayanmu wuƙa, shi ce mai yanka ba ya zaɓe. Yaya kan yanka ya karkace hannu da gangan don in sami babban rabi, sannan ya yi ta ƙorafi wai na cuce shi. Wannan Mumunin na sani. Na Gudel ban san shi ba.

Ki gaya mashi hanyar da ta kai shi Yamai ba ta naɗe ba. Zumunta a ƙafa take. In yana da magana, ya zo Dutsi ya faɗe ta a kan kabarin uwarsa. In ba haka ba, ya riƙe zuciyarsa, in riƙe tawa.

Ki gaida Balkisa, ita ba ta yi mini komai ba.

Uwarki,
Hajara

Yamai, 24 ga Agusta, 1962

Zuwa ga Inna Hajara.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ƙafar Baba Ado da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kwana biyar ke nan ina cizon yatsa.

Inna, laifina ne. Da Faransanci na yi karatun jinya, shi nake ji daga safe har yamma, sai na ɗauko maganar lokotoro, wato likita, na juya miki ita yadda take, na manta abin da ciwon zuciya yake nufi a bakin mutanen gida. Ba fushi nake nufi ba, ba kuma baƙin ciki ba. Tsokar nake nufi, wadda kuke rabawa ku biyu. Yau zan karya alkawarin da na yi wa Kawu, in ya warke ya yi mini faɗa.

Kin san babu gada a kan kogin nan, da bak ake ƙetarewa, wani faffaɗan jirgin ƙarfe da ke ɗaukar mutane da motoci da dabbobi. Kawu ya je bakin ruwa sayen taki, ana sauke shanu daga ƙetare, sai wani bijimi ya tsinke igiya ya nufi mata masu tallar kifi. Kowa ya watse. Shi kuwa, mai furfura a gemu, sai ya tuna shi ɗan Sarkin Pawa ne. Ya tuɓe riga ya tari san, ya rungumi ƙahonin kamar yadda aka ce yana yi a kasuwar Dutsi jajiberin Salla. Tun ina ƙarama uwata ke ba mu labarin hawan ƙahonsa, wai har mata kan jefa masa kallabi. To, san Yamai bai san kirarinsa ba. Ya ɗauke shi ya matse ƙirjinsa da ƙarfen jirgin. Matan sun tsira. Abin da ya hana ni faɗa ke nan, wai kada Dutsi ta ji sa ya kayar da Mumuni.

Ko ƙwarzane babu a waje, don haka ya koma gida. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙirji, wai mataccen jini ne. Gaskiyarsa jini ne, amma yana can inda ƙaho ba ya kaiwa. Bayan kwana uku Balkisa ta kawo shi a kan jaki, numfashi sama-sama, jijiyoyin wuya sun kumbura, hannuwa sanyi ƙalau.

Ke ɗiyar mahauci ce, ba sai na wahala ba. Kin san siririyar jakar nan da ke lulluɓe da zuciyar sa, wadda ake tsagawa kafin a ciro ta? Mutum ma yana da ita. Bugun ya ƙuje zuciyar Kawu, jini ya riƙa tsiyaya cikin jakar har ta cika ta shaƙe zuciyar, ta rasa wurin motsi. Lokotoro ya soka doguwar allura ta ƙasan ƙashin ƙirji, ni ina riƙe da kwano, ya zuƙo baƙin jini kusan cikin ludayi uku. Nan take Kawu ya ja numfashi ya tambayi inda hularsa take. Aka ce mako shida a kwance, ban da gishiri, ban da motsi, har ƙujewar ta rufe.

Yana ta samun sauƙi sai ga takardarki. Ya hango ta a aljihuna. Na fara karantawa ina tsallake layi ina ƙara gaisuwa, sai ya ce, "Ke Dabora, Hajara ba ta doguwar gaisuwa. Karanta min yadda ta ce." Na karanta. Da na zo kan zancen wuƙa ya yi dariya har da tari. Da na zo kan kabari ya ce, "Ta yi gaskiya."

Washegari da hantsi, ina ɗakin magani, Balkisa ta tafi ɗebo ruwa, ya sa riga ya fice. Tashar Dutsi ya nufa da ƙafa. Bai kai ba, masu itace suka tsince shi a gefen hanya suka dawo mana da shi. Ƙujewar ta buɗe, jakar ta sake cika. Aka sake sa allura, wannan karon cikin gaggawa, yana ta fisge-fisge, sai bakin allurar ya karci zuciyar kanta. Lokotoron bai ɓoye ba, da bakinsa ya gaya wa Balkisa, ya ce da bai soka ba da an rasa shi, da ya soka kuma ga abin da ya faru. Tun ranar bugun ya rikice, ya yi uku daidai ya tsallake ɗaya. Muna ba shi wani magani ɗigo-ɗigo a ruwa don ya daidaita, ina ƙirga bugun a wuyan hannunsa sau huɗu a yini.

Inna, kada ki ce na ɗora miki laifi. Ni na rubuta a karkace, ni na karanta masa. Amma ki ji wannan da kyau: in ya sake tashi, ko ya hau kamyo a kan hanyar nan mai gargada, ba zai kai Doso da rai ba. Kuma ya rantse sai ya zo. Ni ba ya jin maganata, Balkisa kuwa in ta yi masa faɗa da Zabarmanci sai ya ce bai iya ba, shi da ya shekara ashirin yana ciniki da shi. Mutum ɗaya ce za ta ce ya kwanta ya kwanta.

Ɗiyarki,
Dabora

Yamai, 12 ga Satumba, 1962

Zuwa ga Inna Hajara.

Ina gaisuwa. Allah ya sa lafiya ce ta sa shiru. Yau kwana goma sha tara da na aiko miki, ban ga amsa ba, ban kuma ga Musa direba ba.

Jikin Kawu da dama-dama. Jakar ba ta sake cika ba, an ɗauki hoton ƙirjinsa an gani. Amma ƙafafunsa sun ɗan kumbura, bugun kuma yana nan da tsallakensa. Makon jiya ya ce yana ganin bango da fuskokinmu duk rawaya-rawaya, ga tashin zuciya. Maganin ɗigon ne ya yi masa yawa, haka halinsa yake, tsakanin warkarwa da cutarwa ɗigo biyu ne. An dakatar kwana uku, an rage, ya dawo daidai.

Abin da ba ni da maganinsa shi ne shirun nan. Ya daina tambayar takarda. Ya daina faɗa a kan miyar da ba gishiri, ya daina cinta ma. Jiya ya ce in ɗauko takalmansa daga inda na ɓoye, na ce ban san inda suke ba, Allah ya gafarta mini. Sai ya ce, "Kwandon nan, Dabora, tsohuwa ce ta taɓa cewa tana son ganin abin da nike nomawa. Na ce in jira ya nuna in kai mata da hannuna. Ban san ciwon ya kai haka ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ba hujja ba ce."

Daga tagar ɗakinsu ana hango kogi. Yakan zauna yana kallo yana ba ni labarin tafkin Dutsi in ya cika da damina, da yadda kike tsaye a baki kina riƙe masa riga kina tsoratar da shi za ki gaya wa Baba. Ni ma sai kewar gida ta kama ni, in tuna duwatsun nan jajaye da yamma da ƙanshin tukuba ranar kasuwa. Shekarata shida rabona da su.

In har yanzu fushi kike, ki rubuto ko layi ɗaya ki ce ya kwanta. Sauran maganar ku yi ta daga baya. Ba zan iya ɓoye takalman nan har abada ba.

Ɗiyarki,
Dabora

Dogon Dutsi, 19 ga Satumba, 1962

Ɗiyata Dabora.

Gaisuwa a taƙaice, tun da an ce ban iya doguwa ba. Muna lafiya.

Ruwa ne ya cinye hanya bayan Doso, kamyon Musa ya yi mako uku a can cikin laka. Ta bayan wata mota ce ta cim mashi da ita a can, jiya takardunki biyu suka iso tare, sun jiƙe sun bushe. Mushe Ishaku ya fara da ta biyu bisa kuskure, na ji zancen takalma da ganin rawaya ban gane komai ba, sai da ya buɗe ta fari. Ban bari ya kai ƙarshe ba na zauna a ƙasa.

Wayyo ni Hajara! Magana zarar bunu. Ni na ce ya zo, shi kuwa wawan ya taso. Da ya mutu a gefen hanyar nan, da mi zan gaya wa Allah? Kuma zancen kwando, ashe haka ne? Ni na zubar da shi da ƙafata, awakin maƙwabta suka cinye. Shekara goma sha ɗaya ina ba mutane labarin nan suna dariya.

Yanzu ki je kansa ki tsaya, ki karanta mashi wannan da ƙarfi, kada ki tsallake ko harafi.

Yaya, ni ce. Ka kwanta. In ka sauko da ƙafa ɗaya daga gadon nan, wallahi sai na sa maroƙa sun zagaya kasuwar Dutsi suna shelar sa ya kayar da ɗan Sarkin Pawa a gaban matan Zabarmawa. Tsoho da kai, wa ya aike ka? Ka ci miyar da aka ba ka. Kabarin Inna yana nan ba ya zuwa ko'ina, ina share shi, kuma ita ba ta taɓa riƙe ka ba, ni ce. Kalmar da na faɗa maka na janye ta. An ce ma lokotoro ya soka allura ya sami zuciyar a ciki, to shaida ta ƙare.

Dabora, gero ya isa yanka amma na bar wa Ado da yara. Musa zai juya ranar Lahadi, ina cikin motarsa. Ban taɓa wuce Doso ba, ki sa a tarye ni a tasha. Takalman kuwa ki jefa su kogi.

Uwarki,
Hajara

Dogon Dutsi, 9 ga Mayu, 1963

Zuwa ga ɗiyata Dabora.

Gaisuwa mai yawa, da barka da Salla, ko da yake ku Kirista taku ta wuce. Ina fatan kina lafiya, da Balkisa, da mai gadon gardama. Mu nan zafi ya kai inda ya kai, ana ta gyaran gona. Ƙafar Ado ta yi sauƙi da man da kika ba ni.

Wata biyar ke nan da dawowata amma har yau in na rufe ido ina ganin ruwan nan naku da ba ya ƙarewa. Mata sun gaji da labarina. Na gaya masu na hau bak, na ci salati da bakina, kuma ba laifi in an sa mashi ƙuli. Abin da ba su yarda ba shi ne na ji zuciyar mutum da kunnena. Kin tuna ranar da kika sa mini igiyar nan taku ta saurare a kunne, kika ɗora bakinta a ƙirjinsa? Na ji tana tafiya tana ɗingishi kamar tsohon jakinmu. Na ɗebi zuciyar shanu da hannuna ta fi ɗari, ban taɓa tunanin abin yana da murya ba. Kuka ya ƙwace mini, shi kuwa yana cewa in cire mashi ƙarfe mai sanyi daga jiki.

Na ji saƙonki ta bakin Musa, cewa yana zama a lambu bisa kujera yana ba Balkisa umarni, kuma kumburin ƙafa ya sauka. Alhamdu lillahi. Na kuma ji ɗayan saƙon, cewa lokotoro ya sake dubawa ya ce tabon ya zauna ke nan, hanyar Dutsi ta haramta gare shi har iyakar rayuwa. Na so ƙwarai ya sake ganin tsamiyar kasuwa da zauren Baba. Wannan kuwa da hannuna a ciki, ke ki ce allura, ni na san abin da ya fitar da shi daga gado. Na je kabari na gaya wa Inna ba zai zo ba, na kuma gaya mata zancen kwando.

Ga ƙunshi nan a hannun Musa, a cikin farin ƙyalle. Zuciyar ragon layyarmu ce. Shekara goma sha ɗaya in an yanka nakan ba Ado ita in ce ba na ci, shi yana tsammani ƙyama ce. Bana na karɓe abata. Na shanya ta a rana na gasa sama-sama yadda za ta jure hanya, ko ƙwayar gishiri ban sa ba, ɗiyar Sarkin Pawa da nama lami, kada ki bari kowa ya ji. Ki tambayi lokotoronku, in ya ce ɗan kaɗan ne zai ci, to kaɗan ɗin.

Na ɗauki wuƙar Baba na raba ta biyu, sai na tsaya da wuƙa a hannu, don babu mai zaɓe. Saboda haka duka biyun na aiko. Ki kai mashi Gudel da kanki, ki buɗe a gabansa ya zaɓa, ki ƙulle wanda ya rage ki ba Musa ya dawo mini da shi.

Ɗaya ya fi ɗaya girma. In ya ce na karkace hannu, ki ce mashi a wurinsa na koya. Kuma ki tsaya a kansa, Dabora, kin san halinsa. Kada ki bari ya ɗauki ƙaramin.

Uwarki,
Hajara